Me ya sa imel ɗin da ka kwafa a filash yake ƙin buɗuwa?

Zariya gari ne na takarda. Daga Samaru zuwa Kongo, daga Shika zuwa Gyallesu, akwai mutane da yawa da tarihin aikinsu kaf yana cikin akwatin imel. Malamin jami'a yana da wasiƙun da mujallu suka aiko masa na karɓar maƙalunsa, waɗanda zai nema ranar da ya tashi neman ƙarin girma. Ɗalibar digiri na biyu tana da gyare-gyaren da mai duba kundinta ya riƙa turo mata babi-babi. Lauya a Sabon Gari da ɗan kwangila a Tudun Wada kowa yana da takardun da in suka ɓata sai an shiga rantse-rantse. Ba a cika tuna cewa duk waɗannan a hannun wani suke ba, sai ranar da Gmail ya fara jan kunne cewa giga 15 ɗin da yake bayarwa kyauta ta kusa cika, ko ritaya ta ƙarato kuma adireshin ofis zai koma ga masu shi. Google ma ya sanar a 2023 cewa asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba yana iya share shi. Daga nan sai a je a sayo filash.

Matsalolin da ke biyo baya iri biyu ne. Akwai masu ihu, inda kwamfuta za ta tsaya cak ta fito da saƙon cewa ba za ta iya ba. Waɗannan suna ɓata rai, amma ni a wurina alheri ne, tunda sun faɗa maka tun kana riƙe da na asali. Akwai kuma masu shiru: koren layi ya tafi sumul har ƙarshe, ka zare filash ka jefa a durowa, ka share na asali hankali kwance, sai bayan shekara ka buɗe ka tarar da wayam. Na biyun su ne suka fi cancantar dogon bayani.

Shin imel ɗin ma yana cikin kwamfutarka?

Tambayar kamar ta rainin hankali, amma a nan aka fi yin tuntuɓe. Wanda yake buɗe Gmail ko Yahoo ta Chrome ko Firefox, ko ta manhajar waya, babu wani fayil na saƙonninsa da zai ɗauka ya kai filash. Saƙonnin suna can a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa ta ajiya, leƙa su kawai yake yi. Akan samu wanda zai ja tambarin Gmail da ke fuskar kwamfuta ya jefa a filash, ya ga ya shiga cikin ƙiftawar ido, ya yi hamdala. Abin da ya kwafa ɗan shotkot ne da bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba, manuniya ce kawai zuwa shafin, babu ko saƙo ɗaya a cikinta.

Mai Gmail hanyarsa ita ce Google Takeout. Idan ka shiga, ka cire alama daga komai ka bar imel kaɗai, in ba haka ba zai haɗo maka har da hotuna da duk abin da ke Drive, datarka ta ƙare ba ka kai ko'ina ba. Google zai tattara, wani lokaci cikin sa'o'i, wani lokaci sai an kwana, ya aiko maka da mahaɗin saukewa. Mahaɗin kusan mako guda yake yi ya mutu, kuma an ƙayyade sau nawa za a sauke da shi, don haka kada ka nema sai ka tanadi data da caji. Abin da zai zo maka fayil ne nau'in mbox, saƙonninka duka a jere cikinsa ɗaya bayan ɗaya. A nan ma mutane kan firgita, sun danna shi bai buɗu ba, ko Notepad ya ɗauko wani tarin rubutu mara kan gado ya daskare. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, Outlook ne bai san mbox ba. Thunderbird, manhajar kyauta ta Mozilla, ita ke karanta shi: ka rufe ta, ka ajiye fayil ɗin a cikin foldarta mai suna Local Folders, ka sake buɗewa, zai fito a gefe.

Mai Outlook kuwa, ina nufin tsohon Outlook da ke zuwa tare da Word da Excel, dole ya san bambancin fayiloli biyu da sunansu ya yi kama. Akwai PST, akwai OST. Idan an saita asusunka ta tsarin POP, Outlook yana sauke saƙonni ya zuba su cikin PST, kuma sau da yawa yana goge su daga saba bayan wasu kwanaki. Ke nan wannan fayil ɗin shi ne kaɗai abin da kake da shi a duniya, kuma galibi yana cikin Documents, a foldar Outlook Files. Shi ana kwafarsa kai tsaye, a kai wata kwamfutar ya buɗu. Amma idan asusun na Exchange ne ko Microsoft 365, irin wanda ma'aikatu da makarantu ke bayarwa, ko kuma IMAP a Outlook na 2013 zuwa sama, to OST ne, kuma yana ɓoye a foldar AppData da Windows ba ya nunawa sai an nema. Wanda ya sha wahala ya tono shi ya kwafa, ya yi aikin banza. OST kwafi ne na wucin gadi, a ɗaure yake da asusun da ya haife shi da kuma saitin wannan kwamfutar. Ka kai shi wani wuri Outlook ba zai ko kalle shi ba. In kuma an riga an rufe asusun, sai an koma neman manhajojin juya OST zuwa PST, mafi yawansu na kuɗi, kuma ba kullum suke cika alkawari ba.

Abin da ya kamata shi ne tun asusun yana raye ka shiga File, ka zaɓi Open & Export, sannan Import/Export, ka fitar da komai zuwa sabon PST. A wurin zaɓen abin da za a fitar, ka danna sunan asusun da ke can sama, ka tabbata an sa alamar haɗawa da ƙananan foldoji. Da yawa kan zaɓi Inbox kaɗai su tafi, su bar saƙonnin da suka aika, alhali ranar rigima su ne shaidar abin da kai ka faɗa da ranar da ka faɗe shi.

Akwai wani tarkon a nan da ba ya ko tari. A asusun Exchange da Microsoft 365, Outlook ba ya sauke duk tarihinka zuwa kwamfuta, yawanci na shekara guda yake ajiyewa, wani lokaci ƙasa da haka idan faifan kwamfutar ƙarami ne. Fitarwar kuma abin da ke cikin kwamfuta take ɗauka. Mutum mai saƙonnin shekara goma sha biyar zai samu PST mai kyan gani, ya buɗu lafiya, amma na wata goma sha biyu ne kacal a ciki. Gyaran yana cikin Account Settings, inda akwai wani ɗan majanyi da ke ƙayyade tsawon lokacin da za a ajiye. Ka ja shi zuwa ƙarshe, wato duka, ka bar kwamfutar a kunne da intanet har Outlook ya nuna a ƙasa cewa duk foldoji sun daidaita, sannan ka fitar. Da irin intanet ɗinmu wannan yana iya cin yini. Thunderbird ma haka take, foldar IMAP da ba a saita a sauke cikinta ba, kanun saƙo kawai take riƙewa. Idan an gyara wannan, ajiyarta mai sauƙi ce: a rufe ta, a kwafi foldar Thunderbird da ke AppData\Roaming ɗungurungum.

Ko PST ne, ko foldar Thunderbird, kada a kwafa manhajar tana buɗe. Outlook yana riƙe fayil ɗinsa gam muddin yana aiki, shi ne ke jawo saƙon nan na cewa wata manhaja tana amfani da fayil ɗin ko ta kulle wani sashensa. Ka rufe tagar amma saƙon bai daina ba? Outlook ne ya laɓe a baya. Ka buɗe Task Manager ka duba, in ka gan shi ka ba shi minti ɗaya ko biyu ya gama rubutunsa, kada ka yi saurin kashe shi da ƙarfi, don hakan kan lalata fayil ɗin. Mafi sauƙi ka sake kunna kwamfutar, ka yi kwafin kafin ka taɓa Outlook.

Filash fanko, amma wai babu wuri

Duk mai gyaran kwamfuta a PZ ko bakin jami'a ya saba da wannan zance.

"Injiniya, filash ɗin nan giga 32 ne, sabo fil, ko hoto ban sa ba. Amma wai fayil ya yi masa girma."

"Malam, fayil ɗin giga nawa ne?"

"Shida da 'yan kai."

"To ba wuri ne ya gaza ba, ranka ya daɗe. Tsarin da aka yi masa ne."

Filash da memori na giga 32 zuwa ƙasa galibi suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ya fito tun 1996, zamanin da ba a tunanin fayil guda zai kai giga 4. A wannan tsari fayil ɗaya ba zai kai giga 4 cif ba, komai yawan filin da ya rage. Za ka iya zuba fayil dubu ƙanana su cika shi taf, amma guda ɗaya mai giga 6 ba zai shiga ba. Imel kuwa shi ne sarkin babban fayil guda. Outlook na 2010 zuwa sama yana barin PST ya kai giga 50, kuma takardun da ake maƙalawa a saƙo suna ƙara kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda yadda ake juya su rubutu kafin a aika. Ko a Takeout ka zaɓi a raba maka kayan giga biyu-biyu, mbox ɗin da ya fi haka girma yakan zo shi kaɗai a dunƙule.

Don ka gane tsarin filash ɗinka, danna shi da ɓangaren dama na maus ka shiga Properties. Idan FAT32 ne, sai a canza zuwa exFAT ko NTFS. Fomatin yana share komai, saboda haka a kwashe abin da ke ciki tukuna. Akwai kuma umarnin convert E: /fs:ntfs da ake rubutawa a baƙin allon umarni na Windows, wato Command Prompt, wanda ke juya FAT32 zuwa NTFS ba tare da shara ba, inda E shi ne harafin da kwamfuta ta ba filash ɗin, amma ko da shi ni ba zan yarda in yi ba sai na kwashe kayana gefe.

Wanne ya fi? exFAT, wanda Microsoft ya fito da shi a 2006 musamman don irin waɗannan na'urori, yana aiki a Windows da Mac ba gardama. NTFS kuwa Mac yana karanta shi amma ba ya rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Sai dai NTFS yana ajiye wani ɗan kundi na abin da yake shirin yi kafin ya yi, ta yadda in wuta ta yanke a tsakiyar aiki zai iya dawo da tsarinsa daidai. exFAT ba shi da wannan. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wanda duk harkarsa a Windows take, NTFS nake ba shi shawara. Kundin ba zai ceci fayil ɗin da ake cikin rubutawa ba, amma yana rage haɗarin sauran kayan su bi shi. In kuma dole sai FAT32, manhajar 7-Zip tana iya yanka babban fayil gunduwa-gunduwa, sai dai gunduwa ɗaya ta lalace sauran sun zama tarihi.

Filash na jabu

Wannan ita ce babbar mai shiru, kuma ta cika kasuwa. A cikin kowane filash akwai ɓangaren ajiya, akwai kuma ɗan ƙaramin kwanturola da ke gaya wa kwamfuta girman na'urar. Kwamfuta ba ta aunawa, abin da aka faɗa mata take rubutawa. Masu ha'inci sai su ɗauki mai giga 8 su sake wa kwanturolan saiti ya riƙa cewa shi giga 128 ne, ko ma tera ɗaya, su sa shi a kwali mai sunan babban kamfani. Ka sa a kwamfuta ta nuna 128. Ka gwada da waƙoƙi biyu da hotuna goma a gaban mai shago, duk su buɗu, tunda ba su kai giga 8 ɗin gaskiya ba.

Sai ka zo gida ka tura PST mai giga 12. Filash ɗin zai karɓa bai ce uffan ba, kamar buhun da gindinsa ya yage, kana zuba hatsi yana karɓa, ba ya cika. Abin da ya haura giga 8 ko dai ya tafi iska, ko ya zagayo ya hau kan abin da aka rubuta da farko. Abin takaicin shi ne jerin sunayen fayiloli a farkon na'urar yake, wurin da ke da lafiya, saboda haka sunan fayil ɗinka zai fito daram, girmansa daidai har bait na ƙarshe, kwanan wata daidai. Ciki ne babu komai sai sifiri. Da hotuna ne, za ka rasa wasu ka tsira da wasu. PST kuwa ginin ciki gare shi, sassansa suna nuni da juna, in aka ɓata wani yanki babba Outlook sai ya ce wannan ba fayil ɗinsa ba ne. Kuma babu injiniyan da zai dawo maka da abin da tun farko ba a rubuta ba, duk wanda ya karɓi kuɗinka a kan haka ya ci banza.

Gwajin gaskiya ɗaya ne, a cika na'urar taf a sake karantawa. Akwai ƙaramar manhajar kyauta daga Jamus mai suna H2testw da aikinta ke nan: tana rubuta bayanai har filash ya cika, ta dawo ta karanta, ta gaya maka nawa ne ya dawo daidai, nawa ya ɓata. A yi gwajin filash yana fanko, kuma a yi haƙuri, babban filash mai nawa yana iya cin sa'o'i. Na san ba kowa zai zauna yi wa kowane filash haka ba, amma wanda za a damƙa wa wasiƙun shekara goma ya cancanci yini guda. Farashi ma alama ce, in aka ce maka tera ɗaya a kuɗin giga 16 ka san da walakin. Ba lallai mai shagon ya sani ba, shi ma a kwali aka kawo masa, saboda haka gara ku yi yarjejeniya tun a wurin saye cewa in gwaji ya faɗi za ka dawo da shi. A gefe guda kuma kada a zalunci ɗan kasuwa: filash mai giga 64 da ya nuna 58 ko 59 ba jabu ba ne, bambancin lissafi ne, masu ƙerawa suna ƙirga giga da dubu-dubu, Windows kuma da 1024.

Kwafi ya tsaya a hanya

Filash mai araha yana iya rubuta megabait 5 kawai a daƙiƙa, ke nan giga 10 zai ci fiye da rabin sa'a. A cikin wannan rabin sa'ar ne ake ɗauke wuta, ko a juya layi zuwa janareto, ko laftof mai mataccen batir ta mutu don an taɓa caja, ko ta yi barci saboda ba a motsa ta ba. A kashe saitin barcin kafin a fara, kwamfutar tebur kuma a haɗa ta da UPS ko inbata. In kwafi ya yanke, abin da ya rage a filash rabin fayil ne ko da sunansa ya fito cikakke. Idan ka sake turawa Windows ya tambaye ka, ka ce a maye gurbinsa, kada ka ce a tsallake. Masu ɗan sabo da baƙin allon umarni suna iya amfani da robocopy tare da /Z, wanda ke ci gaba daga inda ya tsaya.

Babban faifan waje, wanda masu shago ke kira estanal, nasa ciwon yunwar wuta ne. Kafar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, ta USB 3.0, mai launin shuɗi a ciki galibi, 900. Idan ka ji faifan yana ƙas-ƙas, yana ɓacewa yana dawowa, ka cire shi daga kafar gaba ko daga abin nan mai raba kafa huɗu, ka sa shi kai tsaye a bayan kwamfuta da gajeren kebul nasa na asali. Ƙurar hunturu ma tana cika kafofin nan, a hure su.

In kuwa saƙon da ya fito yana ambaton cyclic redundancy check, wani wuri ne ya ƙi karantuwa, kuma sai an gano ko a filash ne ko a kwamfutar. Gwada kwafar fayil ɗin zuwa wata folda a cikin kwamfutar kanta. In ya tafi lafiya, filash ko kebul ne, a canza. In ya tsaya a wuri ɗaya, faifan kwamfutarka ne ya fara mutuwa, kuma maganar ta tashi daga ajiya ta koma ceto. Ka buɗe sabon PST a wani faifan, ka riƙa kwafar foldoji ɗaya-ɗaya daga cikin Outlook, mafi muhimmanci da farko.

Wasu kan guje wa duk wannan su riƙa jan saƙo ɗai-ɗai zuwa filash. Don saƙo ashirin masu muhimmanci dabara ce mai kyau, har ma gara a mayar da su PDF. Don dubbai kuwa wahala ce, kuma taken saƙon ne ke zama sunan fayil, in ya yi tsawo ya haɗu da foldoji cikin foldoji sai a haura haruffa 260 da Windows ya saba tsayawa a kai, wasu su ƙi kwafuwa.

Filash ya dawo daga shagon buga takardu

An je bakin geti a buga takarda ɗaya, an dawo gida, foldoji duk sun koma shotkot masu ɗan kibiya a gindi, ko filash ya nuna a cike amma ba a ganin komai. Bairos ɗin shotkot ke nan, wanda ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta a wuraren da filash ɗari ke shiga a yini. Yawanci bai share komai ba, ɓoyewa ya yi. Kada ka danna shotkot ɗin, dannawar ce ke sa shi ya kama kwamfutarka. A fara wanke filash ɗin da manhajar kariya, sannan a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a allon umarni, kayan za su bayyana. Amma maganar gaskiya, filash ɗin ajiyar imel ba shi da abin yi a shagon kowa. A sayi wani ƙarami na yawo.

Saƙon da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ke cewa sai an yi fomatin kafin a yi amfani da na'urar. Yawanci zarewa ana cikin rubutu ke jawo shi. Gaskiya ne tun sabuntawar Windows 10 ta 1809 an saita na'urorin waje yadda za a iya zare su da sauri, amma wannan bai shafi zarewa ana tsakiyar aiki ba, kuma sallamar filash ta hanyar Eject daƙiƙa biyu ce. In saƙon ya fito, kada ka amsa da e. Gwada wata kafar, gwada wata kwamfutar. Idan na asali yana nan, kada ka wahalar da kanka, sake sabuwar ajiya a wata na'urar. In kuwa wannan ne kaɗai ya rage, kada a rubuta komai a kansa, kada ma a yi gaggawar sa masa chkdsk, don shi gyara yake yi ta hanyar canza abin da ke ciki. A fara da manhajar ceto fayiloli, TestDisk ko PhotoRec, a fitar da abin da ya samu zuwa wani faifan dabam. Filash ɗin da ya ce an hana rubutu a kansa kuma, in ba ɗan makunnin gefe ne aka ture ba kamar na gidan memori, sau da yawa kwanturolan ne ya ga ajali ya kulle kansa. Kwashe kayanka a ranar.

Yadda ake sanin ajiya ta yi

Daidaiton girma bai isa ba, mun ga yadda jabu ke cin wannan jarrabawa. Bayan kwafi ka sallami filash ɗin, ka zare, ka sake sawa, don kada kwamfuta ta karanto maka daga abin da ta riƙe a ƙwaƙwalwarta. Sannan ka rubuta certutil -hashfile, sai adireshin fayil ɗin, sai SHA256. Zai ba ka jerin haruffa da lambobi 64. Yi wa na asali, yi wa na filash. In sun zo ɗaya, ko bait guda bai canza ba. A yi wannan kafin a sake buɗe Outlook, domin da ya taɓa PST yake canza wani abu a ciki, lambar ta sauya.

Wannan ya tabbatar da kwafi ne kawai, bai tabbatar da cewa abin da kake so yana ciki ba. Saboda haka sai a buɗe a gani, kuma a wata kwamfutar in da hali. Kada a buɗe PST kai tsaye daga filash. Outlook zai riƙe shi yana rubutu a kai, ya ci gaba da nemansa kullum, ranar da aka zare ba a rufe ba ajiyar da kanta ta lalace. Kwafo shi cikin kwamfutar, ka buɗe kwafin, ka gangara zuwa saƙo mafi tsufa ka ga shekararsa, ka duba na jiya, ka shiga waɗanda ka aika, ka buɗe takardu uku ko huɗu da aka maƙala. In ya ƙi buɗuwa, akwai scanpst.exe da ke zuwa tare da Office, yana gyara ƙananan raunuka. Shi ma a kan kwafi ake sa shi, don wani lokaci gyaransa yanke abin da bai gane ba ne.

Filash ba wurin ajiyar shekaru ba ne. Da ɗan cajin lantarki yake riƙe bayanai, cajin kuma yana zurarewa a hankali, zafi yana ƙara masa sauri. Wanda aka bari a aljihun mota a zafin Maris da Afrilu na Zariya an ɗora masa abin da ba a yi shi dominsa ba. Masu harkar suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A aikace, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a estanal a gida, ɗaya a filash a ofis ko gidan ɗan'uwa. A sa kwanan wata a sunan kowane fayil, kuma kada sabuwar ajiya ta hau kan tsohuwa sai an gwada sabuwar.

Sai batun sirri. Duk wanda ya tsinci filash ɗin nan ya tsinci wasiƙunka duka, har da saƙonnin banki da hoton fasfo da ka taɓa turawa. Kalmar sirrin da Outlook ke sa wa PST ba kariya ba ce, cire ta ba wuya. BitLocker To Go yana kulle na'urar gaba ɗaya, amma sai Windows nau'in Pro ko makamancinsa ke iya kullewa, Home buɗewa kawai yake yi. 7-Zip ma yana kullewa da AES-256, kyauta. Ko wanne ka zaɓa, rubuta mabuɗin a takarda ka adana, in ya ɓata ba mai buɗe maka. In kuma imel ɗin na wurin aiki ne, mai ɗauke da sakamakon ɗalibai ko bayanan marasa lafiya, a nemi izini tukuna. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma irin waɗannan bayanai ba naka ba ne don kawai ta akwatinka suka bi.

Wanda ya yi duk wannan don ya samu fili a Gmail, ya sani cewa a tsarin IMAP abin da ka share a Outlook ko Thunderbird ya sharu a saba ma, har da wayarka. Gmail yana riƙe abin da ke kwandon shara kwana 30, kuma yana ƙirga shi cikin giga 15 ɗin har sai an zubar. Sau da yawa ma ba sai an share tarihi duka ba. Rubuta larger:10M a wurin bincike na Gmail, zai jero maka saƙonnin da suka haura megabait 10. Galibi bidiyon biki ne da kundin da aka yi ta turowa sau bakwai, kuma share waɗannan kaɗai kan buɗe filin da ake nema.